Atisayen lokacin hutu da makomar dogayen matasa a ƙwallon kwando

Aminu: Assalamu alaikum. Shin matashin da tsayinsa ya haura mita 2 ya kamata ya ƙarar da hutun ƙarshen kaka wajen gina tsoka, ko kuwa saurin ƙafa ya fi masa amfani?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Aminu. Ƙarfi ne ke bai wa dogon ɗan wasa gurbi a ƙarƙashin kwando. Lokacin da ƙungiyar Milwaukee ta ɗauki Giannis Antetokounmpo a 2013 siriri ne ƙwarai, amma ya riƙa gina jikinsa hutu bayan hutu har ya zama gwarzon ɗan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019 da 2020.

Hajiya Rabi: Malam Bashir, ina ganin a bi a hankali, domin duk nauyin da aka ƙara a kan gwiwa da tafin ƙafa yake sauka, kuma nan ne dogaye suka fi samun rauni. Joel Embiid, ɗan Kamaru, ya rasa kakanni biyu bayan an zaɓe shi shiga NBA a 2014 saboda karayar ƙashin ƙafa. Chet Holmgren kuwa, wani dogon ɗan wasan NBA, a wasan hutu ya ji ciwo a 2022, kakar ta wuce shi gaba ɗaya.

Nura: Gaskiyarki, Hajiya. Yanzu masu horarwa suna son dogon da zai iya tare gajere mai sauri nesa da kwando, wanda kuwa ya kasa hakan, benci zai koma idan wasa ya yi zafi.