Madogari: Shawara Kan Sunan Kayan da Masu Nakasa Ke Tsayuwa da Ƙafarsu da Su

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu kishin harshe. Akwai wata kalmar Ingilishi, "assistive technology", wadda har yau ba mu tsayar mata da suna guda ba, ga shi kuwa kullum tana ƙara yawa a bakin likitoci da ma'aikatan rediyo da masu fassara. Abin da take nufi shi ne duk wani kaya ko manhaja da ke ba mutum damar yi wa kansa abin da nakasa ko ciwo ko tsufa suka hana shi, kama daga tabarau da na'urar jin magana da ƙafar roba da keken guragu da farar sandar makafi, zuwa rubutun makafin nan mai ɗigo shida da Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya nuna cewa sama da mutum biliyan 2.5 ne ke buƙatar irin waɗannan kaya, kuma kusan biliyan 1 daga cikinsu ba su samu ba.

Sunayen da ake ji a yanzu duk suna da tawaya. "Kayan tallafi" a kunnen Bahaushen yau buhun shinkafa ne da katan ɗin taliya da ake rabawa gaban 'yan jarida. "Kayan agaji" na waɗanda ambaliya ko gobara ta rutsa da su ne. "Fasahar taimako" fassara ce ta kalma da kalma, kuma taimako shi ne kalmar da mai bara ke furtawa a bakin masallaci. Dukansu suna ajiye mai kayan a matsayin wanda ya miƙa hannu yana jira. "Kayan nakasassu" kuwa ya bar kakarmu a waje, wadda ba ta iya karanta Alƙur'aninta sai da tabarau, alhali babu mai kiranta nakasasshiya.

Abin da ya sa na dage a kan wannan shi ne wani abu da na gani a motar haya. Wani makaho ya kara wayarsa kusa da kunne, yana jan yatsa a kan gilashin, manhajar TalkBack tana karanta masa abin da yatsan ya taɓa cikin sauri, in ya zo kan wanda yake so ya ƙwanƙwasa sau biyu. Da haka ya tura wa direba kuɗin mota, bai miƙa wa kowa wayar ba, bai faɗa wa ɗan jagora lambar sirrinsa ba. Shi ne ya yi aikin da kansa, don haka ya kamata sunan ya nuna haka.

Shawarata ita ce mu ce madogari, jam'i madogarai. Kalmar ba baƙuwa ba ce, kuma ƙirarta irin ta sunayen kayan aiki ce, kamar mabuɗi daga buɗe, madubi daga duba, maɗauri daga ɗaure. Tushenta dogara, kamar yadda muke cewa tsoho yana tafe yana dogara sanda, kuma daga tushen ne muka sami dogaro da kai, wanda shi ne manufar kayan gaba ɗaya. A cikin dogara, mai sandar ne ke yin aikin. Na so in ce "kayan dogaro da kai", sai na tuna masu rabon keken ɗinki da injin markaɗe sun riga sun kama wannan suna.

Fannin ilimin sai mu kira shi fasahar madogarai, aikin da ke kewaye da kayan kuma hidimar madogarai, wato auna mutum, daidaita masa kayan, koya masa amfani da su da kuma gyara in sun lalace. Wannan ɓangaren ne aka fi sakaci da shi. Keken da aka ba mutum ba tare da awo ko matashin zama da ya dace ba yana iya jawo masa gyambo saboda dogon zama, kuma keken asibiti mai ƙananan tayoyin gaba kafewa yake yi a cikin rairayi. Shi ya sa a titunan Kano aka fi ganin mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda ke haɗawa da bututun ƙarfe da sarƙar keke.

Wani zai ce madogara tana nufin hujja, kuma muna cewa Allah ne madogararmu. Gaskiya ne, amma wannan madogara ce, tamu kuwa madogari, kuma jimla tana rarrabe su ba tare da wahala ba. Ku gwada a bakinku: "A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin madogarai 50 da suka fi muhimmanci." Ko kuma uwa ta ce wa ɗanta, "Miƙo wa Baba madogarinsa, an kira salla."