Kibiya ta tsaya, akwati bai bayyana ba: yaya kuka yi a irin wannan hali?

Sabon Shiga

Assalamu alaikum, yayyena a wannan harka. Wata uku ke nan da na fara farautar ɓoyayyun akwatuna, wato wasan da aka sani da jiyokashin, inda wani zai ɓoye akwati ya wallafa lambobin wurin, wasu kuma su bi na'urar GPS ko wayar hannu har su gano shi su sa hannu a takardar da ke ciki. Guda goma sha ɗaya na samu cikin sauƙi, amma na goma sha biyu ya gagare ni har sau uku. A jikin wata gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙafa yake, an rubuta cewa ɗan mitsitsi ne, wahalarsa kuma tauraro biyu da rabi cikin biyar. Duk zuwan da na yi, wayata takan nuna saura mita ɗaya, in na taka gaba sai ta ce wurin yana bayana da mita bakwai, in na juya kuma sai kibiyar da ke nuna hanya a wayar ta karkata ƙetaren rafi. A zuwa na ƙarshe na kwashe kusan sa'a guda ina kai da komo, na dawo gida raina a jagule, kuma ban rubuta komai ba domin ban so a ga na kasa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan hali ya gaya mana abin da ya gani da idonsa, da yadda ta kaya.

Mai Awon Ƙasa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ya same ka ya same ni a gindin wani dutse mai tsayi da manyan itatuwa suka lulluɓe, kuma duk da cewa aikina na yau da kullum awon ƙasa ne, sai da na yi zuwa biyu kafin na tuna abin da na riga na sani. Taurarin ɗan'adam na GPS suna kewaya duniya a tazarar kimanin kilomita 20,200, kuma na'urarka tana buƙatar saƙon aƙalla guda huɗu daga cikinsu kafin ta lissafa inda kake. A fili fetal, kuskuren waya ko na'urar hannu yakan tsaya tsakanin mita uku zuwa biyar, amma a ƙarƙashin ganye mai kauri, ko kusa da dutse, gini ko ƙarfe, saƙon yakan bugi wani abu ya dawo kafin ya iso gare ka, sai na'urar ta ɗauka tafiyarsa ta fi tsawo, ta ajiye ka a inda ba ka. Abin da sababbin shiga suke mantawa shi ne, wanda ya ɓoye akwatin shi ma da irin wannan na'ura ya ɗauki lambobinsa, saboda haka kuskure biyu ne suke haɗuwa, naka da nasa. Ko lamba ta ƙarshe a jerin, wadda take kashi ɗaya cikin dubu na minti (minti a nan kashi ɗaya ne cikin sittin na digiri, ba na agogo ba), tana daidai da kusan mita biyu a ƙasa in arewa ko kudu aka dosa.

Akwai wani abu a tarihin wasan da nake yawan tunawa in na tsaya a irin wannan wuri. Kafin watan Mayu na 2000, gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula suke samu, har kuskure yakan kai mita ɗari. Da aka janye wannan gurɓatawa a farkon watan, ranar 3 ga Mayu Dave Ulmer ya ɓoye akwati na farko kusa da Beavercreek a jihar Oregon, kuma baƙin bokiti ne sukutum. Tun daga lokacin akwatuna suke ta ƙanƙancewa har suka kai girman kan ɗan yatsa, alhali kaifin na'urar hannu bai ƙaru daidai da haka ba. Wannan giɓin ido ne kaɗai yake cike shi.

Abin da na yi a gindin dutsen nan shi ne, na ja da baya kamar mita talatin zuwa fili, na doso wurin daga ɓangarori uku ina tafiya a miƙe, kowane karo ina lura da inda kibiya ta nufa kafin ta fara rawa. Inda layukan uku suka kusa haɗuwa na ɗauka a matsayin tsakiya, na sa wayar a aljihu, na bincika da'irar mita goma. A cikin kogon wani kututture na same shi. Game da gadarka kuwa, ka sani kamfas ɗin waya da maganaɗisu yake aiki, ƙarfen gadar kuma yana ruɗa shi, don haka juyawar kibiyar ba alamar komai ba ce.

Uwar Biyu

Ni tawa a wurin shaƙatawa ta faru, kusa da wani bencin ƙarfe. Na duba gindin itatuwa, na ɗaga duwatsu na mayar, ban ga komai ba, sai 'yata mai shekara bakwai ta ce ɗaya daga cikin notikan da ke ƙarƙashin bencin ya fi sauran ƙyalli. Da na taɓa shi sai ya biyo hannuna, ashe noti ne na bogi mai maganaɗisu, an rarake cikinsa an naɗe siririyar takarda an cusa. Tsayinta ne ya ba ta abin da tsayina ya hana ni, domin ni daga sama nake kallo, ita kuwa daga ƙasa.

Tun daga ranar ba na fita sai da ƙaramin madubi mai sanda irin na bakanikai, da tocila ko da rana ce, da matsefata saboda takardar irin waɗannan 'yan mitsitsin ba ta fitowa da yatsa, da fensir saboda ba sa ɗaukar abin rubutu kuma biro ba ya kama takarda mai danshi. Ina kuma riƙe safar hannu da sanda, kuma wannan ne abin da na fi so ka ɗauka daga gare ni, ɗana: kada gajiya da ɓacin rai su sa ka cusa hannu a ramin da idonka bai ga cikinsa ba, domin maciji da kunama da zanzaro su ma irin wuraren nan suke so. Idan an rubuta ɗan mitsitsi, ana nufin abin da bai kai mililita ɗari ba, kuma a jikin gadar ƙarfe kusan kullum maganaɗisu ne yake riƙe da shi.

Malamar Lissafi

Zan kawo wani ɓangare dabam, domin sau biyu na tsaya ina nema a inda babu abin da aka taɓa ɓoyewa. Na farko laifin rashin duba nau'in akwatin ne. Na saba da na gargajiya, wanda lambobin da aka wallafa su ne ainihin maɓoyarsa, sai na bi wani mai alamar tambaya har tsakiyar wani filin ajiye motoci. Shi wannan na wasan ƙwaƙwalwa ne, lambobin da ke sama na je-ka-na-yi-ka ne, sai an warware wata matsala a cikin bayaninsa kafin a sami na gaskiya, waɗanda bisa ƙa'ida ba sa wuce kilomita 3.2 daga na bogin. Akwai kuma mai zango-zango, inda zangon farko zai iya zama allon tarihi kawai da za ka ɗebi lambobi daga jikinsa ka lissafa zango na gaba. Akwai ma wanda ba shi da akwati ko kaɗan, wato EarthCache, wanda aka fara a 2004, inda ake kai ka wurin da ƙasa ko duwatsu suke da wani abin koyo, ka amsa tambayoyi ka aika wa mai shi.

Na biyun ya fi ba ni takaici saboda fannina ne. Wasan yana rubuta lambobi da digiri da minti, taswirar da na kwafa su a ciki kuwa digiri zalla take karɓa. Minti 30.500 ya shiga a matsayin 0.305 na digiri, wanda minti 18.3 ne kawai, bambancin minti 12.2 ke nan, kuma tun da kowane minti na latitud, wato awon arewa zuwa kudu, mita 1,852 ne, sai na tsinci kaina sama da kilomita ashirin da biyu daga inda ya kamata. Na san naka na gargajiya ne kuma manhaja kake bi kai tsaye, amma ka koma ka karanta bayanin daga farko har ƙarshe, ka buɗe satar amsar da mai shi ya bari, wadda ake sakayawa ta hanyar gusar da kowane harafi gurbi goma sha uku, sannan ka karanta rubutun mutum biyar na ƙarshe da suka je.

Mai Akwati Tara

Ɗan'uwa, inda maganarka ta fi taɓa ni shi ne da ka ce ba ka rubuta komai ba. Ni ina da akwatuna tara da na ɓoye, kuma ɗaya daga cikinsu ruwan sama ya tafi da shi ban sani ba har tsawon wata biyu. Da na je dubawa na tarar da ciyawa a tattake, an kuma ciccire duwatsun wata tsohuwar katanga da ke kusa ba a mayar da su daidai ba, alamar mutane da yawa sun zo sun sha wahala, amma ko mutum ɗaya bai rubuta cewa ya nema bai samu ba. Da mutum biyu kawai sun yi rubutun da muke kira DNF, wato na nema ban samu ba, da tun makon farko na je, da katangar nan ba ta lalace ba, da kuma ban tsaya gaban mai kula da wurin ina ba da haƙuri ba bayan shi ne ya ba ni izini da kyakkyawar zuciya. Wannan rubutu labari ne kake aika wa mai akwati da waɗanda za su biyo bayanka, ba shaidar gazawa ba.

Wani abin da ya fi shirun muni ya faru da wani akwatina. Wani ya nema bai gani ba, sai ya ajiye ɗan gwangwaninsa da takarda a inda yake zato, ya rubuta cewa ya samu. Na ainihin yana nan lafiya lau mita huɗu daga wurin, sai aka wayi gari mutane suna sa hannu a wurare biyu. Ina roƙonku kada ku yi haka. Ku kuma tuna ƙa'ida ta hana binne akwati, don haka duk inda nema ya kai ku ga haƙa ko fasa wani abu, kun riga kun bar hanya. Haka nan ana barin tazarar aƙalla mita 161 tsakanin akwati da akwati, saboda haka abin da kuka tsinta a cikin da'irarku ba na maƙwabci ba ne.

Dattijon Hanya

Na yarda da duk abin da aka faɗa, sai dai ni ban ga aibin juyawa a tafi ba, kuma ina ganin sa'a guda a kan gada ta yi yawa. Na taɓa daɗewa haka a bakin wani shinge har mai gadi ya zo yana tambayata abin da nake nema, kuma yana da gaskiya, domin mutumin da yake leƙe-leƙe a wuri ɗaya abin tuhuma ne. Na nuna masa wayata, na yi masa bayani dalla-dalla, ya gamsu, amma na lura wasu yara sun tsaya suna kallon inda nake taɓawa, kuma bayan mako guda aka ba da labarin akwatin ya ɓace. Har yau ina jin da hannuna a ciki. Yanzu minti ashirin nake ba kowane wuri mai jama'a, in bai fito ba in rubuta in tafi, in dawo da sassafe lokacin da ƙafa ta ɗauke kuma hasken rana yake shigowa ta gefe yana tona abin da tsakar rana take ɓoyewa.

Mai Awon Ƙasa

Baba, maganarka ta komawa a wani lokaci dabam tana da wani amfanin ma, domin taurarin suna kewaya duniya sau biyu a yini, jerinsu a sama yana sauyawa, kuma wurin da ya ba da karatu mai rawa da yamma yana iya natsuwa da safe.

Sabon Shiga

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. A daren da na karanta maganar Yaya Mai Akwati Tara na rubuta zuwana uku duka, kuma washegari mai akwatin ya amsa cewa ya duba, yana nan daram. Jiya da sassafe na koma da madubi da matsefata kamar yadda Mama ta ce. Na doso gadar daga ɓangarori biyu, domin na ukun ruwa ne, na sa wayar a aljihu tun daga bakin gada, na durƙusa ina bin ƙarƙashin makarin hannu da madubi sandar ƙarfe bayan sandar ƙarfe. A ta shida na ga wani ɗan baƙin abu kamar kan fensir a manne a kusurwa, kimanin mita shida daga inda na fi tsayawa a baya, kuma na tabbata hannuna ya wuce ta kansa a zuwa na biyu. Takardar ciki ta kusa cika kuma ta yi danshi, da ƙyar na sami wurin haruffa biyu da kwanan wata, na naɗe ta na mayar da shi daidai kusurwar da na same shi. Na sanar da mai shi cewa tana buƙatar sauyi, ya ce zai kawo sabuwa a ƙarshen mako.