Taƙaitaccen Bayani Kan Zaɓen Manhajar Tace Bidiyo Mai Sauƙin Kuɗi

A tattaunawar da masu ɗaukar bidiyon biki da suna na ƙauyukan da ke kewayen Ringim suka yi, an fi tsayawa a kan ƙarfin kwamfuta kafin a zo maganar manhaja, domin yawancinsu tsofaffin kwamfutocin hannu suke saye a kasuwar Farm Centre ta Kano. Ga mai irin wannan na'ura, shawarar da ta fi rinjaye ita ce ya ɗauki Shotcut ko Kdenlive, waɗanda kyauta ne, ba sa manna tambari a kan aikin, kuma suna iya ƙirƙirar ƙaramin kwafin bidiyo da za a yi tacewar a kansa don kada kwamfutar ta riƙa cijewa. DaVinci Resolve yana da nau'in kyauta mai inganci ƙwarai, amma yana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki (RAM) kamar gigabait 16, abin da ba kowa ke da shi ba. An gargaɗi matasa game da manhajojin sata da ake yawo da su a filashi, saboda sau da yawa ƙwayar cuta ce ke biyo su.

Batun kallo bai ja dogon zance ba. Sababbin wayoyi kan ɗauki bidiyo da tsarin HEVC (wata hanyar matse bidiyo don rage girmansa), wanda Windows ba ya buɗewa sai an ƙara masa wata ƙaramar manhaja, alhali manhajar kallon bidiyo ta VLC na kunna shi kai tsaye. Wanda zai kai wa iyalan amarya kwafi, gara ya mayar da shi MP4 mai tsarin H.264 ta hanyar HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, domin wannan tsarin ne tsofaffin talabijin masu ramin USB suka fi ganewa.