Kiɗan da na saba da shi a Bergen ya jawo min magana a gida

Baƙon Bergen: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Shekarata biyu ina karatu a Bergen, ƙasar Norway, ina zaune a gidajen ɗalibai na Fantoft. Wanda bai yi hunturu a nan ba ba zai gane ba. A Disamba wajen ƙarfe uku da rabi rana ta faɗi, ruwa ba ya ɗaukewa, sai ka yi sati ba ka ga inuwarka ba. Shekarar farko barci ya ƙaurace min, abinci ba ya shiga. Wani abokin karatuna ya ara min kaset da wata tsohuwar rikoda, ya ce in saurara da dare. Black metal ne, wani nau'in kiɗan rock mai tsauri, irin wanda suke kira atmospheric. Daren farko kaina ya yi ciwo. Jita ake kaɗawa da sauri har sautin ya koma kamar ruwan sama a kan kwano, ganguna can ƙasa, muryar mawaƙin kuma nesa, kamar mai kira daga bayan dutse. Waƙa ɗaya sai ta kai minti 15. A dare na uku na yi barci har asuba. To yanzu maganar ta kai kunnen Hajiya, ranta a ɓace. Ga shi ranar Asabar an gayyace ni wani ɗan ƙaramin wasa na masu wannan kiɗan. In je ko kar in je?

Dattijo: Ƙanena, kar ka je. Ka san unguwar da kake zaune kuwa? Cocin katakon nan na Fantoft, masu wannan kiɗan ne suka jawo sunansa ya zaga duniya. An ƙone shi a watan Yunin 1992, wanda kake gani yanzu sabon gini ne. A 1993 Varg Vikernes ya kashe Euronymous a Oslo, dukansu 'yan kiɗan nan ne. Tushen abin ke nan. Mayar musu da kaset ɗinsu.

Baƙon Bergen: Yaya, na san tarihin, ina wuce cocin in na fita tattaki. Amma abin da nake ji daban ne. Wolves in the Throne Room 'yan jihar Washington ne a Amurka, daji da duwatsu suke wa waƙa. Paysage d'Hiver kuwa mutum ɗaya ne a Suwizalan, sunan ma yanayin ƙasa a lokacin hunturu yake nufi.

Maman Biyu: Wa ya kai wa Hajiya maganar? Ba ka faɗa ba. Ni abin da ke ƙona min rai ke nan. Shekara huɗu ina Sweden, ko mayafi na canza sai an buga waya gida. Ranar da na kwanta asibiti babu wanda ya kira.

Dattijo: Ba maganar masu kai rahoto ake ba. Kalmomin waƙar, kana jin su? Ba ka ji. Abin da ba ka san me yake cewa ba, ta yaya za ka bar shi ya kwana a kunnenka?

Mai Gyaran Sauti: Nan Dattijo yana da gaskiya rabi. Akwai masu zagin addini a cikinsu, akwai masu aƙidar wariyar launin fata, wannan ba ɓoyayye ba ne. Kafin ka saba da kowace ƙungiya, nemi rubutattun baitocinta ka karanta, ka duba kamfanin da ya fitar da ita. Sannan ka rage ƙara, ka daina sauraro a lasifikar waya, duk zurfin sautin a nan yake ɓacewa. Wasan kuma ka je da abokinka, ka tafi da abin toshe kunne.

Dattijo: Ka ji! Ana hana shi, kai kana koya masa yadda zai ji daɗinsa.

Ɗan Kaka: Ni ba kiɗan ne ya dame ni ba, rashin barcin ne. Ka ga likita? Duhun nan ya taɓa kayar da ni, sai da aka ba ni bitamin D da fitilar safe.

Baƙon Bergen: Barcina lafiya lau yanzu, sallata ba ta taɓa wuce ni saboda shi ba. Kuma ba rahoto aka kai ba, matata ce ta ji shi muna waya, ta tsorata. Ban ga laifinta ba. Ni dai ban san yadda zan yi wa Hajiya bayani ba ne.

Dattijo: Bayanin me? Ta ce ka bari, ka bari.

Baƙon Bergen: Ba ta ce in bari ba, Yaya. Kuka ta yi ta kashe wayar. Tikitin kuma na riga na saya tun makon jiya.