Kula da hankalin tsofaffi lokacin annoba: abin da ma'aikatan lafiya a Maraɗi suka tattauna

Abin da aka fi nanatawa shi ne kaɗaici. Da aka rufe masallatai a 2020 saboda korona, dattijo ya rasa sahu, ya rasa majalisar ƙofar gida, yininsa ya wargaje. Don haka a tsayar masa da lokuta: hantsi a tsakar gida, kiran waya bayan La'asar kullum, labaran rediyo sau biyu kawai, domin yawan jin lissafin mamata yana hana barci.

Kada a ce "Inna, ki huta". A ba ta ɓarar gyaɗa ko tsinkar zogale, jikoki su zauna nesa kaɗan a sarari su ji tatsuniya. Takunkumi yana ɓoye leɓe, sai a yi wa mai nauyin ji magana sannu, ana fuskantarsa.

A tanadi maganin hawan jini da na suga na wata guda.

Ƙin abinci, rashin barci da yawan shiru in sun wuce mako biyu, a kai dattijo ko dattijuwa wurin likita. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya kuwa ba tsufa ba ce, sau da yawa zazzaɓi ne ko ƙarancin ruwa a jiki, a kai shi ranar.