Mai riƙe mana lissafi zai ajiye aiki, yaya zan yi?

Manajan Gidan Biredi: Assalamu alaikum. Ni ke kula da wani gidan biredi a Zariya. Yaron da ke riƙe mana littafin lissafi, shekara 3 muna tare, ya kawo takardar ajiye aiki, zai koma Kaduna nan da kwana 10. Shi kaɗai ya san masu shayin da muke bi bashi. Maigida ya ce in riƙe albashinsa. Me kuka gani?

Hajiyar Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Kada ka riƙe masa haƙƙinsa, guminsa ne. Ko ƙari ka yi masa, wanda zuciyarsa ta riga ta tafi ba ya zama.

Tsohon Akawu: Malam, duba takardar ɗaukarsa aiki tukuna. A dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 11, wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5 sanarwar mako 2 zai bayar, a rubuce. Ka roƙe shi ya cika kwanakin. Ya zaga da magajinsa wurin kowane mai bashi, a rubuta, ku sa hannu. Makulli da lambar sirrin POS kuma a canza ranar da zai tafi.

Manajan Gidan Biredi: Na gode, Baba. Lallashin maigida ne ya rage.