Ɗan yayata da nake riƙo ya kasa wuce CP, Maigida ya ce a kai shi tsangaya

Saƙo daga wata 'yar'uwa, ta ce a sakaya sunanta:

Assalamu alaikum. Daga Marwa nake a Kamaru, unguwar Domayo. Shawara nake nema a kan yaron da nake riƙo, ɗan yayata da ta rasu bara waccan wajen haihuwa. Uban ya riga ta rasuwa. Bayan sadakar arba'in dangi suka zauna aka raba yaran, aka ba ni wannan, ƙannensa biyu suna Kusuri wajen baffansu.

Shekararsa tara, ga shi shekara ta biyu yana zaune a CP, wato aji biyu na firamare. 'Yata da ya girme wa da shekara guda ta wuce shi, tana CE1, aji uku. Malaminsu ya kira ni ya ce yaron ba ya ɗaukar komai, sai kallon bango. A gida ma in ka kira shi ta baya ko waiwaye ba ya yi, in kuma kana gabansa sai ya ƙura wa bakinka ido kamar zai haɗiye ka. Maganarsa da ƙarfi, kalmomin a tattaune. Amma tocila ko rediyo in ya lalace shi ke kwancewa ya gyara. Ranar nan na aike shi ya sayo albasa, ya dawo mini da alawa, na ɗauka iskanci ne na mare shi. Bai yi kuka ba, ya tsaya yana kallona, kallon nan har yau yana cina.

Maigida ya ce asarar kuɗin APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, da na littattafai kawai muke yi, bayan salla zai kai shi tsangaya a ƙauyensu. Ni zuciyata ba ta kwanta ba. Ga shi kuma ko takardar haihuwa ba shi da ita. Wata maƙwabciya ta ce in za a yi masa, mu sa sunana da na Maigida a matsayin iyaye a huta. Yaya zan yi?

Maman Ummi:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Yaya, ya ba ki ladan riƙo. Tambaya ɗaya: ya taɓa yin wata babbar rashin lafiya yana ƙarami? Ko kunnensa ya taɓa zubar da ruwa?

Mai tambaya:

Ya yi sanƙarau yana shekara huɗu, sun kwana kusan sati biyu a asibiti. Har an cire rai, Allah ya tashe shi. Ruwan kunne dai ban taɓa gani ba.

Malamin lakwal (makarantar boko) daga Garwa:

'Yar'uwa, tun kafin ki ambaci sanƙarau na ce a raina yaron nan kunne ne, ba ƙwaƙwalwa ba. Daƙiƙi ba ya kwance rediyo ya mayar. Ki sake duba labarin albasa da alawa: duka biyun a-a-a ne. Wanda jinsa ya ragu, sau da yawa ƙananan sautuka masu kaifi irin su s da sh da f su ne ke fara ɓace masa, sai ya ji amon kalma ya cike sauran da tsammani. Abin da ya ji shi ya sayo miki.

Ki kuma auna zamansa a aji. A gida Hausa, a waje Fulatanci, a lakwal Faransanci. Mai lafiyayyen kunne ma sai ya yi da gaske. Ajin da nake koyarwa mun haura tamanin, kuma mu malamai, Allah ya yafe mana, yaron da ya girmi 'yan ajinsa bencin baya muke tura shi saboda tsawonsa. Sai malam ya juya wa yara baya yana rubutu a allo yana magana. Wanda ke karanta leɓe me ya rage masa? Bango. Ni ma na taɓa rubuta wa wata yarinya "ba ta mai da hankali" shekara guda cur, sai daga baya kakarta ta gaya mini kunne ɗaya ne da ita.

Gobe ma ki je ki roƙi darakta a dawo da shi bencin gaba, ta gefen da ya fi ji ya fuskanci malam. Wannan ba ya cin ko dala. Ki je da lalama, kada ki je da faɗa, don malamin da aka kunyata a kan yaro yake hucewa.

Baban Sadiƙu:

Ni dai kada a mai da Maigida mugu. Mutum ya karɓi ɗan wani yana ci da shi, ba kowa zai yi ba a wannan tsadar. Kuma tsangaya ba wurin zubar da yara ba ce, mu can muka tashi. Ina dangin uban? Nauyin maraya a kansu yake tun farko. Baffan nan na Kusuri ya kamata a kira, kada ya zama an bar jaki ana dukan taiki.

Alaramma daga Ngaundare:

Baban Sadiƙu, ni mai tsangaya ne, shekara ashirin da ɗoriya ina zaune gaban almajirai, kuma ni zan ce kada a kawo mana shi a haka. Karatun allo da kunne ake ɗaukarsa. Malam ya biya, yaro ya maimaita, in ya karkace a gyara masa. Wanda bai ji biyawar ba zai yi ta maimaita kuskure, gardi kuma ba zai tsaya bincike ba, dorina zai ɗauka. Sannan a tura shi bara a titin da babura ke gudu, ba ya jin hon ta bayansa. Wa zai ɗauki alhakin? In ana son ya samu Alƙur'ani, kuma dole ya samu, a nema masa malamin unguwa mai haƙuri da zai zaunar da shi gaba da gaba, su biyu ko uku, yana ganin bakinsa, a ƙarfafa masa rubutu. Ya kwana a gida.

Maganar sa sunanku a takarda kuwa, ki rufe ta. A Suratul Ahzab, aya ta 5, Allah ya ce a kira su da sunan ubanninsu. Riƙon maraya lada ne babba, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna. Amma riƙo daban, canza nasaba daban. Gobe in gadon ubansa ya taso, ko na mijinki, takardar nan ce za ta haɗa shi faɗa da 'ya'yanki.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa:

Na goyi bayan malamin lakwal, amma kada mu yanke hukunci a waya. Yaya, ki kai shi babban asibiti ki ce likitan kunne da hanci da maƙogwaro kike nema, ORL ake cewa. Zai fara leƙa kunnen, don wani lokaci dauɗa ce ta toshe ko ruwa ya taru bayan dodon kunne, waɗannan ana maganinsu. Sannan ki nemi a yi masa gwajin ji, odiyogram, wanda ake sa wa yaro abin sauraro a kai yana ɗaga hannu in ya ji ƙara. Takardar sakamakon ki adana ta kamar zinariya, ko'ina za a tambaye ki ita.

Ba zan ɓoye miki ba: in sanƙarau ne ya taɓa can cikin kunnen, yawanci jin da ya tafi ba ya dawowa. Yankinmu yana cikin ƙasashen da cutar ke yawo lokacin zafi da ƙura, shi ya sa muke ganin irin yaran nan da yawa. Abin da ya rage na ji shi ake tattalawa. Na'urar kunne tana taimakon wasu, wasu ba ta yi musu komai, gwajin ne zai nuna. Kada ki sayi ta kasuwa, ƙara kawai take ƙarawa ba bisa awo ba, tana iya lalata ɗan abin da ya saura. Kuma don Allah ban da ɗiga man kaɗanya, ruwan albasa ko turare. Duk asibitin da kuka je nan gaba ki faɗa musu yana da matsalar ji, saboda akwai allurai irin su jantamisin da ke taɓa kunne.

Hajiya Babba:

'Yata, marin nan da kika yi ki daina cin kanki a kai, ba ki sani ba. Ki kira shi ki zaunar, ki kalle shi ido da ido ki ba shi haƙuri, yara suna ganewa. Ki hana yaran gida kiransa kurma ko bebe, sunan da aka fara a tsakar gida shi ke bin mutum har kasuwa. Mijinki kuma kada ki ce masa "ba ka yi daidai ba". Ki ce, Malam, a ba ni wata biyu in kai shi a duba, in likita ya ce lafiya lau, yadda ka ce haka za a yi. Namiji in ka bar masa girmansa ya fi saurin sakkowa.

Tsohon ma'aikacin jin daɗin jama'a:

Bari in taɓa ɓangaren takardu, don nan mutanenmu ke asarar haƙƙinsu. Kamaru tana da doka mai lamba 2010/002 ta ranar 13 ga Afrilu 2010 kan kare masu naƙasa. A cikinta akwai sassaucin kuɗin makaranta, duka ko wani ɓangare, ga ɗalibi mai naƙasa da ba shi da hali, akwai kuma ɗage masa ƙa'idar shekaru, abin da ya shafi yaronki kai tsaye tunda ya girmi ajinsa. Amma ba a ba ka don an ga idonka. Sai da katin naƙasa na ƙasa, wanda ake nema ta hannun ma'aikatar jin daɗin jama'a, MINAS. Ki fara da santir sosiyal, wato ofishin jin daɗin jama'a na gundumarku, da takardar likita a hannu. Can ne kuma za su gaya miki ko akwai makarantar gwamnati kusa da ke da ake haɗa masu naƙasa da sauran yara a aji ɗaya. Ki shirya zirga-zirga, abin da ke rubuce a doka da abin da ake samu a tebur ba kullum suke haɗuwa ba.

Takardar haihuwa ita ce ƙofar komai. Ba ita, ba kati, ba jarrabawar CEP ta kammala firamare in ya kai CM2, ajin ƙarshe. Tunda lokacin rajista ya wuce da shekaru, sai ta kotu, a ba da hukuncin da ake kira jugement supplétif, a kai meri, wato ofishin magajin gari, a rubuta masa takarda. Za a nemi shaidu, kuma yawanci da takardar likita mai kimanta shekarunsa. Lokaci-lokaci kotu kan fita ta yi zama a gari don yaran makaranta marasa takarda, ki tambayi darakta ko lawanin unguwa ko akwai wanda ke tafe. Sunan iyayensa na gaskiya za a sa. Abin da maƙwabciyarki ta faɗa shaidar zur ce a gaban alƙali, laifi ne a doka, ban da abin da Alaramma ya faɗa.

Yayan kurma:

Ƙanena ko tsawa ba ya ji, tela ne yanzu da mata da 'ya'ya uku. Abin da ya cece shi maganar hannu ce, abin da ya fi ƙona masa rai kuma shi ne a gidanmu ni kaɗai na koya. Ana hira ana dariya yana zaune kamar baƙo. Yaronki yana da sauran ji da magana, kada a bari maganar ta mutu, amma kada kuma a ji kunyar hannu. Akwai cibiyar Baitalami a Muda, kan hanyar Garwa ba nisa da Marwa, suna da makarantar kurame. Ta 'yan mishan ɗin Katolika ce, na faɗa tun yanzu don kada a ce na ɓoye. Ki je da ƙafarki ki gani, ki yi tambayoyinki, ko da shawara kawai za ki samo.

Baban Sadiƙu:

Maraya kuma a kai shi kwana hannun mishan? Ni ban yarda da wannan ba.

Maman Ummi:

Ba wanda ya ce a kai shi kwana, Baban Sadiƙu, an ce ta je ta gani. Yaron da ya rasa uwa da uba aka raba shi da ƙannensa, ni ko ina ne ba na son a sake ɗauke shi daga gida, tsangaya ko Muda. A fara gwajin tukuna.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na bi shawarar Hajiya. Maigida bai ce komai ba, sai da yaron ya zauna yana cin tuwo ya zagaya bayansa ya kaɗa makullan babur daidai kunnen hagu. Ko motsi. Ya koma dama ya kaɗa, yaron ya juyo. Ya daɗe a tsaye da makullan a hannu, sannan ya ce ranar Litinin shi zai kai mu asibitin da kansa. Maganar tsangaya bai ce ya fasa ba, ni ma ban tayar ba.

Na kira baffan, ya ce zai zo Juma'a da katin shaidar marigayin. Baba mai bayanin takardu, shaidun nan na kotu dole sai dangin uba, ko ungozomar da ta karɓi haihuwarsa za ta iya tsayawa? Tana nan da rai a unguwar Kakatare.